Jirgi a Sama, Shi a Durƙushe

Sallama gare ku, 'yan'uwana masu leƙo wannan shafi. Ku gyara zama, don yau labari mai daɗi na zo muku da shi. Wanda bai san ni ba, sunana Saudatu, 'yar Malam Tukur mai tattasai da ke Kurmin Kogi, nan ƙasar Ikara. Ɗinki nake yi a cikin gida, kekena na gindin bishiyar lemun da ke tsakar gidanmu. Akwai kuma wani bawan Allah ɗan Likoro da ke zuwa wurina, mai gyaran waya da sola a cikin Ikara. Sunansa Uwaisu. Rubutawa kawai na yi, da baki kam ba za ku taɓa jin sunan nan daga gare ni ba.

Matsalata da ta Uwaisu guda ce, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kuma duk saboda jirgi ne.

Kun ji ni daidai, jirgi na ce. Mutumin nan da gemunsa, da shagonsa, da hankalinsa, in ya tashi daga aiki ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Ƙananan jiragen sama yake haɗawa, masu batir, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Ni abin burge ni yake. Baba kuwa, ranar da ya fara jin labari sai da ya ajiye ludayin kunu.

“Ban ce yaron banza ne ba,” in ji shi yana gaya wa Inna, ni kuma ina bayan ƙyaure na kasa kunne. “Amma namiji ya girma yana wasan yara, ta yaya zai riƙe gida? Kuma yaran nan irinsa da suka yi karatu a Zariya, wasunsu ko gaisuwa a tsaye suke yi wa mutum, ido cikin ido. Bari a kwashe tattasai. Lokacin zan faɗi magana ɗaya, ko ya turo manyansa, ko ya daina zuwa ƙofar gidana.”

Tun daga ranar na tsani ganin tattasai yana ja. Gwaggo Uwaliya, yayar Baba, ta ƙara hura wutar. Duk zuwan da za ta yi daga Makarfi sai ta kawo mini labarin wani mai shagon taki, wai mutum ne kamili, ga gida ga mota. “Ke Saudatu, soson firij ɗin da yake haɗa jirage da shi za ki ci? Ki bar mai jirgin nan ya je ya auri tsuntsuwa.” Nakan yi dariya a gabanta, in shiga ɗaki in yi tagumi.

Mutum ɗaya ce tamu a gidan, Hajo, kakata wadda ta haifi Baba. Ita ke zama da mu a zaure in Uwaisu ya zo zance bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa tana sa mana baki a hira. Angona take ce masa. Ranar da ta ji sana'arsa ta bayan fage, sai ta ture faifan gyaɗar gefe.

“Angona, ka iya mai murya biyu?”

“Mai murya biyu kuma, Hajo?”

Nan ta ba mu labarin da na sha ji tun ina ƙarama, amma ban taɓa jin sa ya shiga raina ba sai ranar. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka yi bikinta. Ranar da aka sa ta a lalle, tana zaune a ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta ruf da zane, sai aka ji wata ƙara ta taso daga yamma, ƙasa-ƙasa, kamar a kan rufin ɗaki. Wani ya yi ihu, jirgi! Ƙawaye suka watse, masu kiɗan ƙwarya suka bar ƙoren a ruwa, har tsohuwar da ke tsaron amarya ta zura da gudu. Aka bar Hajo ita kaɗai.

“Amarya ba ta tashi, ba ta buɗe fuska,” in ji ta. “Na zauna ina jin sa. Murya biyu gare shi, ɗaya na amsa wa ɗaya. Garin nan kaf ya gan shi, har awaki, ban da ni. Kakanku Malam Zailani har ya koma ga Allah yana tsokanata da shi. Ya ce fari ne kamar sabon kwano, da ratsin kore a gefe, farfela biyu, ɗaya a kowane fiffike. Waɗannan da ke wucewa yanzu can cikin gajimare kamar ƙuda, ni ba su nake nufi ba.”

Uwaisu ya shafa gemu. Washegari ina cikin yanka rigar wata yarinya wayata ta yi ƙara. Hoton wani tsohon jirgi ne mai inji biyu, irin na wancan zamani, a ƙasa kuma ya rubuta:

“Ba mu san ko shi ne ba, amma ya yi kama da bayanin marigayi. Za ki taya ni?”

“Ni tela ce, ba makanike ba.”

“Wadda ta iya yanka hannun riga biyu su zo daidai, ta iya yanka fiffike.”

Ku faɗa mini gaskiya, wace mace za a yi wa wannan magana ta ƙi?

Haka muka fara tun farkon damina. Ya auna komai na jirgin da ke hoton, ya rage shi daidai wa daida, har tsawon fukafukan ya dawo kamar in buɗe hannuwana biyu. Farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firij, shi ne jikin. Shi ya zana, ni na bi da reza, don hannuna ya fi nasa bin layi, kuma shi da kansa ya yarda. Tsinken tsire muka cusa a cikin fiffike don kada ya lanƙwashe. Ƙafafun kuwa wayar keke ce ya lanƙwasa, ya sa musu 'yan tayoyi. Injinan biyu, kowanne bai wuce ƙwan kaza ba, daga Kano ya sa aka kawo masa su. Zauren gidanmu ya koma warin gam da dalma, ɓurɓushin soso har cikin gyaɗar Hajo. Baba in zai wuce masallaci sai ya dubi ƙasa, ya dubi jirgi, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya wuce.

Ranar da muka fara gwada injinan na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Uwaisu ya ajiye jirgin a tsakiyar zaure, ya ce mu matsa, ya tura wuta kaɗan. Maimakon ya yi gaba, sai ya kama juyi a wuri ɗaya kamar yaron da ke wasan hajijiya, ya kori kazar Hajo har waje.

“Angona, wannan ai bori yake yi!”

Ashe inji ɗaya gaba yake ja, ɗayan baya yake turawa. Kowane inji wayoyi uku gare shi, in ka musanya biyu sai ya sauya juyi. Ya kwance ya sake ɗaurawa, kunnuwansa sun yi zafi don kunya. Daga nan ya nuna mini yadda ake gane nauyi ya daidaita. Ka sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike ka ɗaga. In wutsiya ta rinjaya, ka matsar da batir gaba, har sai hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Fenti kuwa nawa ne ni kaɗai, fari mai sheƙi, da ratsin kore da na ja da zaren awo don kada ya karkace.

Ga abin da Baba bai sani ba. Uwaisu ya bar mini tsohon rimot ɗinsa, wanda ake jonawa da waya, sai jirgin ƙarya ya fito a allo kana tuƙa shi. Sanduna biyu ne a jikin rimot ɗin, na hagu na wuta, na dama na sama da ƙasa da karkata. Na kashe jiragen ƙarya ba adadi. Sau biyu tuwo na kamawa a tukunya ina can ina ƙoƙarin sauka, Inna ta ce in ban ajiye abin nan ba za ta jefa shi a rijiya. Kullum da safe saƙonsa na farko shi ne:

“Matuƙiya, yau mutum nawa kika kashe?”

“Duk sun sauka lafiya, sai dai a kan bishiya.”

Na gaske kam ban taɓa riƙewa ba, ko sau ɗaya.

Damina ta ja baya, aka tsinke tattasai, aka baza shi a faƙon bayan gari yana shan rana. Kun san me wannan ke nufi a wurina. Jirgi kuma ya kammala. Hajo ce ta zaɓi rana da kanta, ranar kasuwar Makarfi, lokacin Baba ba ya gari.

“Ba ɓoye masa nake ba,” in ji ta, “ni na haife shi. Fuskarsa ce ba na so ta ɓata mini kallo.”

Da hantsi na fito cikin atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗinka wa kaina da ƙaramar Sallah, na sa hijabi ruwan toka, na ɗan zizara kwalli. Hajo ta ciro tsohon saƙinta daga ƙasan adaka, yana ƙamshin turaren wuta, ta ɗaura ɗankwali kamar mai zuwa suna. Na riƙe mata kujera 'yar tsugunno, muka taka a hankali har faƙo. Uwaisu na can ya riga mu, cikin farar shadda da hula zanna, ya share wata doguwar hanya da tsintsiya a gefen shanyar tattasai. Jirgin na tsaye a kan ƙafafunsa yana ƙyalli. Wallahi sai na ji kamar ɗana ne zai fara tafiya.

“Hajo, ki yi mana addu'a.”

“Na yi tun asuba. Ka sake shi kawai.”

Ya yi bisimilla, ya tura wuta. Farfelu biyu suka ɗauka tare, jirgin ya zabura, ya yi gudu a kan tayoyinsa, wutsiya ta ɗaga, sai kawai na ga haske tsakaninsa da ƙasa. Ya tashi! Na ƙanƙame hannun Hajo ina tsalle, na manta da wani aji. Ita kuwa ta rufe ido, ta karkata kai.

“Shi ne,” ta ce a hankali. “Murya biyu. Amma ina yake? Ban gan shi ba, Saudatu.”

Idon Hajo ya yi rauni, abin da ya yi nisa ba ta gani. Uwaisu ya ce bari ya kewayo ya sauko da shi kusa. Yana cikin juyo da shi ke nan muka ji gyaran murya a bayanmu.

“Salamu alaikum.”

Baba. Ashe ya hango hadari ta gabas tun yana hanya, ya fasa kasuwar, ya dawo duba shanyarsa. Ga shi tsaye da babbar rigarsa ruwan ƙasa, hannu a baya.

'Yan'uwa, kun san yadda ake gaida surukin da ba a ma ba ka 'yarsa ba tukuna. Ba a tsaye ba, ba da takalmi ba, ba da wani abu a hannu ba, kuma ba ka ɗaga ido. Na ga Uwaisu ya dubi sama sau ɗaya, kallon da ba zan manta ba. Sai ya ajiye rimot a ƙasa, ya zame takalmansa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

“Wa alaikumus salam. Barka da hantsi, Baba.”

Jirgi a sama, babu mai riƙe da shi. Aikin damina guda. Ya miƙe ya nufi kukar da ke bakin rafi, fiffike ɗaya ya fara sunkuyawa.

Ban san lokacin da na sunkuya na fizgi rimot ɗin ba. Ya fi nawa nauyi. Na taɓa sandar dama kaɗan, jirgin ya amsa, ya amsa fiye da yadda na so, ya karkata ɗaya gefen. Na ce innalillahi, na dawo da shi. Na ja baya, ya ɗaga hanci, ya tsallake kan kukar da ƙyar har tsuntsaye suka watse.

A bayana kuwa gaisuwa ake, kuma Baba ba ya gaisuwar gaggawa.

“Ya mutanen Likoro?”

“Suna lafiya, Baba.”

“Ya Baffanka Maiwada? Ƙafar ta yi sauƙi?”

“Da sauƙi, Alhamdu lillahi.”

“Madalla. Masara ta yi kyau bana a wajenku?”

“Ta yi, Baba, sai godiya.”

Uwaisu bai ɗago kansa ba. Da kunne yake bin jirginsa. Da ya ji injinan sun yi kuka da yawa, sai na ji ya ce, “Lafiya lau, Baba,” sannan can ƙasan maƙoshi, kamar mai tasbihi, “rage wuta.” Na rage. Na kewayo da shi a hankali, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Niyyata in wuce da shi sama da kawunanmu, amma hannuna ya saki, ya sauko ƙasa sosai. Ya zo ya wuce ta gabanmu, bai fi tsayin danga ba, fari fat, ratsin kore na sheƙi, iskarsa har ta kaɗa ɗankwalin Hajo.

Tsohuwar nan da sai an kama ta take tashi, ta miƙe tsaye da kanta.

“Na gan shi! Tukur, na gan shi! Malam Zailani, ka ji ko? Yau na gan shi!”

Ta rangaɗa guɗa, muryar na karyewa, hawaye na bin kumatunta. Sai a lokacin Baba ya ɗaga kai. Ya bi jirgin da ido, sannan ya sauko da idon ya ga wadda ke riƙe da rimot. Ban dube shi ba, amma na ji kallon a gefen fuskata.

Saura sauka, abin da ko a waya ban cika iyawa ba. Na nufi hanyar da aka share, iskar hadari ta ture ni gefe. Na kashe wuta, na ja baya kaɗan kamar yadda aka koya mini, jirgi ya zo ya zauna ɗaram a tsakiyar shanyar tattasan Baba. Ya ja ciki, tattasai ya yi ta tsalle, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ya tsaya. Wurin ya yi tsit, sai shessheƙar Hajo.

Baba ya taka har tsakiyar shanyar, ya tsaya a kan jirgin, ya daɗe yana kallo. Ya dawo. Uwaisu na nan a durƙushe, bayan shaddarsa ya jiƙe sharkaf.

“Wa ya koya miki?” in ji Baba.

Na durƙusa ni ma. Hajo ta ce, “Angona mana.”

Baba ya juya wurinsa. “Da ba ta ɗauka ba fa?”

“Da ya faɗi, Baba.”

“Ka san haka ka ajiye?”

“Na sani.”

“Tun yaushe kake yin sa?”

“Tun farkon damina.”

Baba ya dubi shanyarsa. Na ce a raina shi ke nan, ga wasan yara, ga 'yarsa a ciki tsundum, ga tattasai an watsa. Sai na ga ya koma, ya sunkuya, ya ɗauki jirgin da hannu biyu, a hankali, ya kakkaɓe masa 'ya'yan tattasai da gefen rigarsa.

“Tashi, Uwaisu, sa takalminka, ƙasa da zafi.” Wannan ne karo na farko da na ji ya kira sunansa. “Jirgin nan gidana zai kwana. Ka gaya wa Baffanka Maiwada da 'yan'uwansa su zo ranar Juma'a bayan masallaci su ɗauka. In sun zo, sai mu yi maganar Saudatu.”

Hajo ta sake guɗa. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Muka kwashe tattasan nan mu duka kafin ruwa ya sauko, Uwaisu na ɗurawa a buhu da farar shaddarsa, yana atishawa yana murmushi kamar wanda aka ba kyautar gona.

Kafin mu isa gida saƙo ya shigo:

“Matuƙiya, ban ga saukarki ba, amma na ji ta. Mutum nawa suka tsira?”

“Biyu,” na rubuta. “Ni da kai.”

Gwaggo Uwaliya ba ta ji ba tukuna. Inna ta ce gobe tana tafe, wai har da hoton gidan mai taki a wayarta, kuma kowa a gidan ya ƙi yarda ya zama mai gaya mata. Wannan rigimar tana gaba. Abin da ya sa na zauna rubuta muku shi ne abin da ya faru yau da safe.

Ina shara Baba ya kira ni zaure. Na same shi a kan buzunsa, jirgin na gabansa, ya riga ya miƙe ƙafar da ta lanƙwashe da filaya. Yana juya farfela ɗaya da yatsa, rimot kuma na kan cinyarsa, ya riƙe shi a juye.

“Wanne ne ke sa shi ya yi sama?” ya tambaya, bai dube ni ba.

Na durƙusa kusa da shi, na juya masa rimot ɗin daidai. “Wannan, Baba. Baya ake ja, a hankali.”

“To nuna mini yanzu. Ranar Juma'a za su ɗauke jirgin, ba da daɗewa ba kuma su dawo su ɗauke ki. Wa zai koya mini in kin tafi?”

Na kama babban yatsansa, mai kaushin fartanya, na ɗora shi a kan sandar dama, muka ja baya tare.